Kati Na Biyar

Duk Gwiwa an san ni da baki. In kuka ji hayaniya a layin masu daddawa ranar kasuwa, ba sai kun leƙa ba, Dela ce. Na yi da masu awo, na yi da mahauta, na yi da surukata har ta koma ga Allah, Allah ya jiƙanta, ita ma ba kanwar lasa ba ce. Amma akwai sunaye biyu da bakin nan nawa ba ya faɗa. Na farko na maigidan ne, shi ma in ya ɓata min rai nakan faɗe shi a hankali cikin turmi ina daka, taɓarya ta rufa min asiri. Na biyun kuwa ko turmi bai taɓa ji ba. Sunan ɗana na fari ne.

Haka muka taso muka tarar. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana wurin. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga na biyu take fara lissafi. Ranar da aka yaye shi, yayar maigidan, Yaya Mairo, ta zo daga Roni ta goya shi ta tafi, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ban yi kuka ba. Ina! Wa zai yi kuka a gaban dangin miji? Na dai zaga bayan ɗaki na daɗe ban fito ba. Ya tashi yana ce mata Inna, ni kuma yana ce min Dela, yadda ya ji manya suna faɗi. In ya zo gaishe mu sai in juya in amsa wa bango. In maganarsa ta zama dole sai in ce "ɗan wajen Yaya," ko kuwa "wancan."

To, a daminar shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, wancan yana da shekara ashirin da huɗu, malamin gona ne a Roni, ya kuma sayi babur kamar sauran 'yan'uwansa masu rawar kai. Ranar wata Laraba da sanyin safiya ina tsakar gida ina wanke kalwa, sai ga maƙwabciyata Hajja Kaka, 'yar Barno mai sayar da turaren wuta, ta shigo ɗiban wuta. Ta tsuguna a bakin murhu tana hura garwashi, tana magana kamar labarin kaza take bayarwa.

"Af, Dela, jiya na kwaso rana a Roni. Ɗan wajen Mairo ya faɗi da babur tun makon jiya, ƙafa ta rure ta yi suntum, ga zazzaɓi. Yau in sun samu mota za su kai shi asibiti a yi masa allura."

"A yi masa me?"

"Allura mana. Wannan farar mai kama da nono, mai kashe gyambo."

Ƙwaryar kalwa ta suɓuce min ta kife a ƙasa. Na ce, "Hajja Kaka, kika kwana da wannan maganar a cikinki? Katanga ɗaya ce fa tsakaninmu!"

Ta ɗago tana kallona baki buɗe. Ba laifinta ba ne, ba ta san komai ba. Ai ni ce na kwana da maganar, ba dare ɗaya ba, shekara biyar.

Bari in koma baya kaɗan ku gane. Shekara ɗaya bayan samun mulkin kai, Babanmu ya je kasuwa da ƙafarsa, tari ne kawai yake damunsa. A lokacin akwai masu yawo da jaka a kan keke suna yi wa mutane allura a gindin bishiya, kowa kuwa allura yake so, ƙwaya ai a ganinmu wasan yara ce. Aka yi wa Baba. Bai gama ɗaure tazuge ba ya ce maƙogwaronsa yana rufewa. Kafin a ɗebo ruwa ya cika. Aka ce kwana ne ya ƙare, muka ce haka ne. Bayan shekara shida ƙanena Daudu ya yanke da lauje a Babura, aka yi masa irin allurar, fuska ta kumbura har idanu suka ɓace, da ƙyar ya sha. Aka ce wai ya ci kifi ne kafin a yi masa.

Sai ni. Shekarar da aka gama yaƙin basasa na haifi autata Shatu, zazzaɓin jego ya kwantar da ni, aka kai ni asibiti a Kazaure. Ana zare allurar na ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi kamar na dafa ƙaiƙayin gero. Harshena ya yi nauyi. Borin jini ya feso min tun daga wuya har cinya, numfashi kuwa sai ka ce ta cikin tsinke nake jawo shi. Wata Sista Dinatu, doguwa, mutuniyar kudancin Zariya, ita ta ruga ta ɗauko wata allura daban ta soka min, ta zauna a kaina har na dawo. Washegari ta jawo kujera ta zauna ta yi min tambayoyi kamar alƙali. Na ba ta labarin Baba, na ba ta na Daudu.

Ta ce, "Dela, ki saurare ni da kyau. Wannan allurar sunanta fenisilin, ta ceci mutane ba iyaka. Amma akwai jinin da ba ya shiri da ita, kuma abin yakan bi gida, kamar yadda wushiryar nan ta bakinki take bin gida. Ba sammu ba ne, ba kifi ba ne. Ba lallai kowane ɗa ya ɗauko ba, wani ya ɗauko, wani ta tsallake shi. Amma ubanki, ƙanenki, ke, mutum uku gida ɗaya, ba zan yi wasa da 'ya'yanki ba. Su nawa ne?"

Ɗakin cike yake da mata. Ga surukata zaune a bakin gado da jaririya a cinya, ta kafa min ido.

Na ce, "Huɗu."

Na lissafa mata: Talatu, Ɗanlami, Uwani, Shatu. Ta rubuta wa kowa ɗan kati, ni ma ta rubuta min nawa da yawan 'ya'yana a jiki, ta ce duk inda za a yi mana allura mu fara nunawa. Ita baiwar Allah ta yi aikinta, ina za ta san akwai wanda ake tsallakewa? Da muka koma gida na kai katunan wurin baduku ya ɗinke kowanne cikin fata kamar laya, don kada ruwa ya ɓata, na rataya wa yara a wuya, ni ma na rataya nawa. Mutum ɗaya ne ba shi da shi.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na faɗa wa maigidan, ya ce to, zai gaya wa Yaya, wannan "to" ɗin kuwa har yau tana hanya. Da Yaya Mairo ta zo wani suna na ja ta gefe na ce, "Yaya, a riƙa kula da allura a gidanku." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ita ai allura ce maganinta, in ba a soke ta ba ba ta jin ta warke. Abin da ya rage in faɗa kalma huɗu ne, amma kunya ta hana ni. In ce mata jinina ne a jikinsa? Matar da ta yi masa wanka, ta yi jinyar ƙyandarsa, ta kai shi makaranta? Sai na ce a raina ai ƙato ne lafiyayye, me zai haɗa shi da allura. Da wannan na lallashi kaina shekara biyar.

Na bar kalwar nan a ƙasa kaji suna tsattsaga, na zari mayafi, na ce wa Talatu ta kula da gida. Hanyar Roni ta bi ta gefen gonarmu. Gero ya fi mutum tsawo, ban ga maigidan ba sai motsin ganye, na tsaya a bakin kunya na ɗaga murya.

"Malam, na tafi Roni!"

Ya fito da fartanya a kafaɗa. "Lafiya?"

"Wancan ne. Allura za a yi masa."

Ya san abin da nake nufi sarai. Sai ya ce, "Ai Yaya na nan."

"Yaya na nan shekara biyar kana cewa za ka gaya mata!"

Ban jira izini ba, Allah ya yafe min. Na ji yana kirana a baya, ban waiga ba.

An yi ruwa daren jiya, hanya duk taɓo. Takalmina ya tsinke tun ban yi nisa ba, na cire na riƙe a hannu, can kuma na ga riƙon ma ɓata lokaci ne na jefar. In na yi gudu ƙirjina ya ɗauki zafi, in na sassauta sai in ga Baba a gindin bishiya riƙe da tazuge, sai in sake zabura. Wani rafi da nake tsallakewa da rani ko ƙafa ba na jiƙawa, ranar ya kawo min har ƙugu. Wasu mata suna zaune a gaɓa suna jiran ya janye, ɗaya ta ce, "Baiwar Allah, dakata mana, ruwa ba abokin wasa ba ne." Ban ko tanka ba, ni Dela da ba a taɓa min magana in bari ta faɗi ƙasa. Na tattare zane na faɗa, na fita can ƙasa da mashigi da yashi cike da baki.

Hantsi ya ɗaga sosai na shiga Roni. Gidan Yaya Mairo a rufe, an sa kara a ƙofa. Wata tsohuwa a zauren maƙwabta ta ce motar ofishin gona ta zo ta ɗauke su, sun tafi Kazaure, ba su fi awa guda da tashi ba.

Wayyo Allah! Da na sani da tun daga Gwiwa Kazaure na nufa. Na tsaya tsakiyar lungu ina juyi, in yi nan in yi can, har tsohuwar ta ce ko in shigo in sha ruwa. Ruwa? Na nufi bakin hanya a guje.

Wata babbar mota na samu ta ɗauko buhunan gawayi, mutane a zaune a kai. Ban san yadda na hau ba, na dai ji an ja ni ta hannu. Motar nan kuwa tafiya take kamar mai ciwon baya. Duk wanda ya ɗaga hannu a hanya sai direba ya tsaya, su gaisa, su tambayi iyali, su tambayi damina. Na buga saman motar da tafin hannu har ya yi ja. Yaron motar ya ce in ina sauri in sauka in hau jirgi. Na gaya masa maganar da ba zan maimaita muku ba.

A hanya nake ta shirya yadda zan faɗa ba tare da na faɗa ba. Zan ce wa malamin asibiti, "Ɗan wajen Yaya jininsa ba ya son allura." In ya ce ta ina na sani? Zan ce a danginsa ne. Wane dangi? Na wajen uwa. Wace ce uwar? Nan nake tsayawa, in koma farko. Wata mata kusa da ni mai kwandon zabi ta ga bakina yana motsi, ta ce wa zan dubo. Na ce ɗan wajen yayar mijina.

Ta ce, "Kai, Allah ya saka miki. Ke da ba ke kika haifa ba kike wannan rawar jiki? Ina uwarsa take?"

Na juya mata baya. Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Muna hango duwatsun Kazaure motar ta nutse a taɓo har gindi. Maza suka sauka suna shawara, wannan ya ce a sa kara, wancan ya ce a sauke gawayi. Na dira na ci gaba da ƙafa. Ƙafar ma ban san ta fashe ba sai daga baya da na ga jini a simintin asibiti.

Rana ta take tsaka na isa. Damina ce, zazzaɓi ya cika gari, mutane maƙil a baranda, wasu kan benci wasu a ƙasa. Warin magani da na allurai da ake tafasawa ya bugi hancina, jikina bai manta da shi ba. Na tambayi wata mai shara ina Sista Dinatu. Ta ce ai an mai da ita Kano tun bara waccan, yanzu Malam Manasseh ne a ɗakin allura. Na bi layi ina leƙa fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ba ya nan. Sai na ji muryar Yaya Mairo daga cikin ɗakin, ashe layi ya riga ya zo kansu.

Ƙofar a buɗe take, labule ne kawai. Na ɗaga. Ga shi zaune a kan dogon teburi, ya rame, idanu sun yi ja, ƙafar dama naɗe da tsumma ta yi biyun ɗayar. Ga Yaya tsaye riƙe da hularsa. Ga Malam Manasseh, gajere mai tabarau, yana girgiza wata 'yar kwalba, farin ruwan nan yana kaɗawa a ciki. Kuma mutumin nan, in faɗi gaskiya, bai yi ganganci ba, sai da ya tambaya.

"An taɓa yi maka wannan allurar ta ba ka wahala?"

Wancan ya ce, "Ban sani ba, sai dai Inna."

"Mama, a gidanku akwai wanda ta taɓa bugarwa? Uwa ko uba?"

Yaya Mairo ta ce, "Ni ce uwarsa. An yi min ita ya fi sau goma, garau nake tashi. Ubansa ƙanena ne, shi ma haka. Yi masa kawai, Malam, yaron nan kwana uku bai runtsa ba."

Ita ma ba ƙarya ta yi ba a wurinta. Na shiga. Ƙafa ba takalmi, zane jiƙe, fuska duk baƙin gawayi. Yaya ta ce, "A'a, Dela? Daga ina haka?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu da zuwa, Dela," ni kuwa don tsabar sabo sai na juya na kalli bango.

Na ce wa bangon, "Malam, kada a yi wa yaron nan allura."

Malam Manasseh ya ce, "Da wa kike magana? Wane yaro?"

"Wannan... ɗan wajen Yaya."

"Ke wace ce tasa?"

Na ƙara kafa wa bangon ido. Yaya ta amsa min. "Matar ƙanena ce. Tsoron allura ne da ita, Malam, ta taɓa shan wuya. Dela, fita mana ki bari a yi wa yaro magani."

"To Mama, ki jira a waje," in ji Malam Manasseh. "Kin ga mutanen da ke jirana. Ƙafar nan in ba a yi maganinta yau ba, gobe wata magana ce."

Mai sharar nan ta kama hannuna ta fitar da ni, a hankali dai, ba da wulaƙanci ba. Kuma na bi ta! Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Na ratso rafi, na yi tafiyar rabin yini, aka ce in fita na fita kamar tunkiya. Labule ya sauka a bayana. Mutanen baranda duk suka zubo min ido, ga matan Roni biyu da na sani, ga wani dattijo abokin maigidan.

Akwai taga a gefen ƙofar. Ta nan na ga an kwantar da shi a gefe ɗaya. Na ga ya sa hannu ya kwance tazuge. Na ga Malam Manasseh ya ɗaga sirinji sama ya ɗan matsa, ɗigo ɗaya fari ya fito a bakin allurar, ya ɗauki auduga ya goge wurin.

"Sama'ilu!"

Ban san da wannan muryar a jikina ba. Har tsuntsayen da ke kan rufin kwano sai da suka tashi.

"Sama'ilu, tashi! Kada ka yarda! Malam, ni na haife shi! Ni ce uwarsa, ni na yi naƙudarsa kwana biyu, jinina ne a jikinsa, allurar nan ita ta kashe ubana!"

Ɗaya daga matan Roni ta rufe baki da mayafi. Dattijon ya sunkuyar da kai yana salati. Na banke labule na koma ciki, wannan karon ba mai riƙe ni. Hannun Malam Manasseh yana nan a sama inda yake.

Yaya Mairo ta ce, "Dela, kin haukace? A gaban jama'a?"

"Na haukace, Yaya. Malam, dubi bakinsa ka dubi nawa."

Na yage leɓe na nuna masa wushirya. Ya kalle ni, ya kalli wanda ke kwance, wanda shi ma bakinsa a buɗe yake don mamaki. Na fizgo layar wuyana na ce ga takardar Sista Dinatu. Ya juya ta gaba da baya, fata ce baƙa ta sha gumi, an ɗinke ta ta ko'ina.

"Mama, wannan ai laya ce."

"Kati ne a ciki! Na sa an ɗinke don kada ya lalace."

"To wa zai karanta shi a haka?" Ya girgiza kai, ya ajiye sirinji a faranti, ya ɗauki almakashi ya farke ɗinkin. Katin ya fito a naɗe, ya yi ruwan ƙasa, amma rubutun yana nan. Ya gyara tabarau ya karanta, ya sake karantawa. "Hannun Sista Dinatu ne," ya ce. Sai ya tambaye ni, na ba shi labarin Baba da Daudu da ni kaina, a tsaye, cikin numfashi ɗaya.

Ya ce gadon irin wannan ba tabbas ba ne, yana yiwuwa yaron bai ɗauko ba, kuma ƙafar tana bukatar magani mai ƙarfi, don haka zai gwada tukuna. Ya tsarma maganin da ruwa, ya ɗiga ɗigo ɗaya a cikin hannun yaron, ya ɗan karci fatar da bakin allura, ko jini bai fito ba. Ya ɗauko wata allurar daban, irin wadda aka taɓa ceto ni da ita, ya ajiye kusa. Ya cire agogonsa ya ɗora a teburi ya ce mu jira.

Ban iya zama ba. In je taga, in dawo, in kalli hannun, in kalli agogon da ban iya karantawa ba. A raina ina cewa, in babu abin da ya fito fa? Na tozarta kaina, na tozarta Yaya a banza, gobe duk Roni da Gwiwa za a ce Dela ta kira sunan ɗan fari a tsakiyar asibiti. Sai kuma na ce Allah ya sa hakan, Allah ya sa a yi min dariya har in mutu.

Ba a daɗe ba yaron ya fara sosa wurin. Malam Manasseh ya riƙe masa hannu. Inda aka karta ya taso kamar harbin rina, ja ya kewaye shi yana faɗi, yana hawa har gwiwar hannu. Yaron ya ce tafin hannunsa yana ƙaiƙayi, ya yi tari sau biyu. Malam Manasseh ya goge wurin da sauri, ya ba shi wata ƙwaya, ya tsaya a kansa riƙe da wuyan hannunsa har abin ya lafa. Sannan ya juya ya kalli sirinjin da ke cikin faranti, cike taf.

"Ɗigo ɗaya ke nan, kuma tsarmamme," ya ce. "Da na zuba masa wancan..." Bai ƙarasa ba, ya cire tabarau ya share fuska.

Yaya Mairo ta sulale ta zauna a ƙasa, hular tana cinyarta. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Yana shekara bakwai an yi masa allurar gyambo, borin jini ya fito masa har kwana biyu. Na ce kifi ne." Ta ɗago ta kalle ni, ido cike da ƙwalla. "Me ya hana ki gaya min, Dela?"

"Kunyarki, Yaya."

"Kunyata ta fi ransa?"

Har yau tambayar nan tana bina.

Malam Manasseh ya ce zai wanke ƙafar ya matse ta, ya ba shi wani magani na kafso wanda ba danginsu ɗaya da wancan ba, kuma za a kwantar da shi kwana uku a gani. Ya fita kiran mai taimaka masa. Muka rage mu uku. Ni na koma kallon bangona, don ban san inda zan sa idona ba. Sai na ji muryarsa a bayana, ƙasa-ƙasa, muryar mai zazzaɓi.

"Ashe kin san sunana."

Na so in ce masa ya rufe min baki, marar kunya. Na so in ce ranar suna ina cikin ɗaki na kasa kunne ta jikin asabari har na ji an faɗa, kuma tun ranar babu daren da ban faɗe shi a zuci ba. Ko ɗaya bai fito ba. Kuka ne ya zo, irin wanda ban yi ba ranar da aka goya shi aka tafi, ya zo da shekarunsa ashirin da biyu. Yaya Mairo ce ta miƙo hannu daga inda take zaune ta ja gefen zanena har na zauna kusa da ita.

Malam Manasseh ya dawo da sabon kati fari da alƙalami. Ya rubuta suna, ya rubuta abin da zai rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa, ya ce wannan a aljihu za a riƙa sa shi, kada wanda ya kai wa baduku. Ya zo wurin sunan uwa ya tsaya, ya kalle mu mu biyu a ƙasa, bai san wadda zai tambaya ba.

Yaya ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Rubuta Dela."

Ya rubuta. Sannan ya ce, "Mama, katin Sista ya nuna 'ya'ya huɗu. Ki gaya min gaskiya yanzu, kada a sake barin wani a baya. Su nawa ne?"

Labule a ɗage yake, matan Roni suna bakin ƙofa suna ji. Na juyo daga bango na kalli ɗana sosai, karon farko tun yana shan nono. Na ɗaga hannu na fara da babban yatsa.

"Biyar ne," na ce. "Sama'ilu ne babba."